Wa Dokar Sallama Take Karewa?

A 1984 gwamnatin Felipe González ta ƙasar Sifaniya ta tsinci kanta a tsaka mai wuya. Kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar da ke da ƙarfin aiki yana zaune babu abin yi, masu kamfanoni kuma sun noƙe, sun ƙi ɗaukar sababbin ma'aikata. Kukansu shi ne ɗaukar mutum aiki abu ne mai sauƙi, rabuwa da shi ne jidali. Tun zamanin mulkin Janar Franco, wanda ya mutu a 1975, ƙasar ta gaji wani tsari da ya hana ma'aikata kafa ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta amma ya sa korarsu ta yi wuya ƙwarai. Da dimokuraɗiyya ta dawo, ƙungiyoyi suka samu 'yanci, dokar ƙwadago ta 1980 kuma ta riƙe mafi yawan waccan kariya. Idan kotu ta ce an sallami ma'aikaci ba bisa ƙa'ida ba, sai a biya shi albashin kwana 45 a kan kowace shekara da ya yi yana aiki, har ya kai albashin wata 42. Wanda ya shekara goma a kamfani ke nan zai tashi da albashin kusan wata 15.

Gwamnati ba ta so ta taɓa wannan haƙƙi, don masu cin moriyarsa su ne ƙashin bayan ƙungiyoyin da ke mara mata baya. Sai ta buɗe wata ƙofa a gefe. Ta ba kamfanoni damar ɗaukar mutum a kan kwantiragi mai wa'adi ko da aikin da zai yi na yau da kullum ne, wa'adi ya cika a sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, babu zuwa kotu, babu bayar da dalili. An yi zaton matasa za su shiga ta nan, su nuna ƙwazo, a mayar da su na dindindin. Kafin shekara goma ta cika, kusan kashi ɗaya bisa uku na masu karɓar albashi a Sifaniya sun zama 'yan kwantiragi, haka kuma abin ya tsaya har zuwa rikicin tattalin arziki na 2008. Babu wata babbar ƙasar Turai ta yamma da ta kai ta a wannan.

Wannan labari shi ne ya fi fito da tambayar fili: shin tsaurara dokar hana kora yana kare ma'aikaci ne, ko yana tura shi hannun 'yan kwangila da aikin wucin gadi? Abin da na yarda da shi, bayan duba abin da ya faru a ƙasashe da dama, shi ne tsaurin dokar ba shi kaɗai ne ke yin wannan ɓarna ba. Abin da ya fi yin ta shi ne tazarar da ake bari tsakanin ma'aikaci iri ɗaya da wani, alhali aiki guda suke yi. Katanga ce aka gina doguwa ta gaba aka bar ta guntuwa ta baya, kowa kuwa ya san ta inda za a tsallaka.

Mu tsaya a kan lissafin mai kamfani, don a nan al'amarin yake yankewa. Yana da yaro ɗan kwantiragi da ya shekara biyu yana aiki, ya iya, ba a taɓa kuka da shi ba. Wa'adin da doka ta yarda a riƙe shi a matsayin na wucin gadi ya kusa cika. Idan ya tabbatar da shi, daga ranar kowace shekara da ta wuce tana ƙara masa nauyin kuɗin sallama, ga fargabar shari'a idan kasuwa ta faɗi. Idan ya bar wa'adin ya ƙare, abin da zai biya a Sifaniya albashin kwana 8 ne a kan kowace shekara, wanda daga baya aka ɗaga a hankali zuwa kwana 12. Kwana 45 a hannu ɗaya, kwana 8 a ɗaya hannun. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin ya zaɓi sallamar yaron ya ɗauko wani sabo. Dokar ce ta sa ranar da ya kamata a saka wa ma'aikaci da tabbaci ta zama ranar da ta fi dacewa a rabu da shi.

Abin ya kai inda a Sifaniya ake ƙulla kwantiragi ranar Litinin a warware shi ranar Juma'a, don kada a biya kuɗin Asabar da Lahadi, a sake ƙullawa wata Litinin da mutum guda a kan aiki guda. Malaman makaranta a sallame su idan hutun bazara ya zo, a kira su a Satumba. Gwamnati kanta ba ta tsira daga wannan hali ba, har ma ta fi 'yan kasuwa a wasu wuraren. A Satumban 2016 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan ƙarar wata ma'aikaciyar jinya ta wani asibitin gwamnati a Madrid, wadda aka yi ta sabunta wa takardar wucin gadi ɗaya bayan ɗaya daga 2009 zuwa 2013, ba tare da ta taɓa barin aikin ba. Kotun ta ce buƙatar da ake ta cikewa da ita ba ta wucin gadi ba ce, asibiti kullum yana buƙatar mai jinya, don haka yin hakan ya saɓa wa dokar Turai. A duba rayuwar irin wannan baiwar Allah. Tana duba marasa lafiya, tana kwana a bakin aiki, amma ba ta san ko wata mai zuwa tana da albashi ba. Banki ba zai ba ta bashin sayen gida ba. Idan ta yi ciki, tana tsoron kada takardar gaba ta ƙi zuwa. Idan ta ga ana yin ba daidai ba a ɗakin marasa lafiya, sai ta yi tunani sau biyu kafin ta buɗe baki.

Kamfanin ma yana yin asara, sai dai asarar ba ta fitowa a littafin akanta. Babu wanda zai kashe kuɗi ya koyar da mutumin da zai tafi bayan wata shida, shi ma ma'aikacin ba zai wahalar da kansa wajen sanin sirrin injin da ba zai daɗe a kansa ba. Da guguwar 2008 ta taso, harkar gine-gine ta durƙushe, 'yan kwantiragi ne suka fara zubewa, don ba a buƙatar korarsu, ƙin sabunta takarda kawai ya isa. Rashin aiki ya tashi daga kimanin kashi 8 cikin ɗari a 2007 zuwa sama da kashi 26 a 2013, a tsakanin matasa kuwa ya haura rabi. Uba yana nan a kujerarsa da doka ta kare, ɗansa mai digiri ya dawo ɗakin da ya tashi a ciki.

Wani zai ce ai wannan halin Turai ne da dokokinta masu nauyi. To a leƙa Amurka, inda tun ƙarni na 19 ƙa'idar ita ce mai aiki yana iya sallamar ma'aikaci a duk lokacin da ya ga dama, da dalili ko babu. Daga shekarun 1970 zuwa 1990 kotunan jihohi 46 suka fara sanya wa wannan ƙa'ida togaciya. Wadda ta fi tasiri ita ce wadda ta ce alƙawarin da aka yi wa ma'aikaci da baki, ko abin da aka rubuta a littafin ƙa'idojin kamfani, yana iya zama yarjejeniya da kotu za ta tilasta. Kotun ƙolin jihar Michigan ta yanke shahararren hukunci a kan haka a 1980. Da yake jihohin ba a shekara ɗaya suka karɓi wannan fahimta ba, masanin tattalin arziki David Autor na jami'ar MIT ya samu damar kwatanta su. A binciken da ya buga a 2003 ya gano cewa duk jihar da kotunta ta karɓi wannan togaciya, ɗaukar ma'aikata ta hannun kamfanonin dillanci yana ƙaruwa a cikinta. Ya ƙiyasta cewa wannan sauyi kaɗai ya haifar da kusan kashi 20 cikin ɗari na bunƙasar aikin dillanci tsakanin 1973 da 1995, kimanin ƙarin mutum 500,000 a shekarar 2000. Ba a ƙara ko kwabo a kuɗin sallama ba. Tsoron lauya ne kawai, da rashin sanin me alƙali zai ce. Kamfanin dillanci kuwa ba ya korar kowa, cewa yake aikin da aka tura ka ya ƙare.

Akwai wani abu a binciken na Autor da ba a cika ambatonsa ba, ni kuwa ina ganin ya fi shafar mu: jihohin da ƙungiyoyin ƙwadago ba su yi rauni sosai ba sun fi samun ƙaruwar aikin dillanci. Ashe ba kotu kaɗai ake gudu ba, har da teburin sasantawa da ƙungiya. A lura kuma da cewa kashi 20 ne dokar ta bayyana, sauran 80 daga wasu dalilai suka fito. Wani lokaci kamfani yana ba da aikin gadi, shara ko abinci ga ɗan kwangila ne don ɗan kwangilar ya fi shi iya tafiyar da shi, wani lokaci kuma aikin ne na kaka, kamar ɗebe amfanin gona. Babu laifi a wannan. Laifin yana inda aikin yake na kullum, kayan aiki na kamfani, mai ba da umarni na kamfani, amma takardar albashi ta fito da sunan wani.

Ko da kotu ta kama irin wannan dabara, ba kullum abin yake ƙarewa yadda ma'aikata suka so ba. Dubban mutanen da suka shekara da shekaru suna yi wa Microsoft aiki a matsayin na wucin gadi sun kai ƙara, a 2000 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 97. Abin da ya biyo baya shi ne aka kafa ƙa'idar cewa ɗan wucin gadi ba zai wuce wani wa'adi ba sai ya tafi hutun dole, don kada ya yi kama da na dindindin. Japan ta gamu da irin wannan. Dokar da ta fara aiki a 2013 ta ce wanda ya haura shekara biyar a kan kwantiragin da ake sabuntawa yana da haƙƙin neman a tabbatar da shi. Da 2018 ta gabato, wasu jami'o'i da kamfanoni suka riƙa sallamar mutane dab da cikar shekara biyar ɗin.

Indiya kuma ta ɗaura dokarta a kan yawan ma'aikata. Bayan gyaran da aka yi wa dokar rikicin masana'antu a 1982, aka wajabta wa masana'antar da ke da ma'aikata 100 ko fiye ta nemi izinin gwamnati kafin ta rage mutane ko ta rufe, izinin kuwa a lokacin ba ya samuwa da sauƙi. Manyan masana'antu suka koma cika zaurukansu da leburorin 'yan kwangila, musamman bayan hukuncin kotun ƙoli na 2001 a shari'ar kamfanin ƙarafa na gwamnati, wanda ya ce ba dole ne a shigar da su cikin ma'aikatan kamfani kai tsaye ba. A Yulin 2012 rikici ya ɓarke a masana'antar motocin Maruti Suzuki da ke Manesar, aka cinna wuta, wani manaja ya rasa ransa. Bambancin albashi tsakanin 'yan kwangila da na dindindin yana cikin manyan ƙorafe-ƙorafen da suka daɗe suna cin ran ma'aikatan wurin.

Daga nan ne masu ra'ayin a sakar wa kasuwa mara suke cewa magani ya bayyana, a rushe kariyar gaba ɗaya, kowa ya zama daidai. Ban yarda da su ba. Daidaiton da za a samu ta mayar da kowa abin kora da safe ba shi ne ake nema ba. Kariya daga kora ba kuɗi kaɗai ba ce. Ita ce ke ba ma'aikaci bakin cewa wannan injin zai ci hannun wani, ita ce ke ba mace ƙarfin kai ƙarar shugaban da ya matsa mata. Sifaniya kuma ta gwada rage ta. A 2012 gwamnatin Mariano Rajoy ta sauke kwana 45 zuwa 33, ta rage iyakar zuwa wata 24, ta sauƙaƙa sallama saboda faɗuwar kasuwa. Da tattalin arziki ya farfaɗo, 'yan kwantiragi suka sake kaiwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu. An rage tazarar ta sama, amma ƙofar gefe tana nan a buɗe, kuma shekara talatin sun isa su mayar da dabara al'ada.

A Disambar 2021 ministar ƙwadago Yolanda Díaz ta bi ta ɗaya ɓangaren, bayan ta zaunar da ƙungiyoyin ma'aikata da na masu kamfanoni sun amince. Aka soke kwantiragin da ake ɗaurawa a kan wani aiki ko hidima, wanda shi ne aka fi fakewa da shi. Aka taƙaita dalilan da za su halatta wa'adi, aka ƙara haraji a kan kwantiragi mai 'yan kwanaki, aka sa tarar ta zama a kan kowane ma'aikacin da aka zalunta. Ga masu aikin kaka, kamar otal-otal na bakin teku, aka faɗaɗa wani tsari da mutum yake zama na dindindin, ana kiransa idan lokacin aiki ya zo, shekarunsa kuma suna ci gaba da ƙirguwa. Majalisa ta amince da dokar a Fabrairun 2022 da ratar ƙuri'a ɗaya tak. Cikin shekara biyu rabon 'yan wucin gadi ya sauko daga kusan kashi 25 zuwa wajen kashi 17, yawan masu aiki kuma bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Masu suka suna cewa wani ɓangare na nasarar canjin suna ne, don wanda ake kira wata huɗu a shekara har yanzu wata takwas yana zaune, kuma sallama a lokacin gwaji ta ƙaru. Akwai gaskiya a maganarsu. Ma'aikatun gwamnati kuma sun ci gaba da riƙe 'yan wucin gadi fiye da kamfanoni. Duk da haka an nuna cewa ana iya toshe ƙofar gefe ba tare da an rushe gidan ba.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na Ostiriya. Daga 2003 mai aiki yana zuba kashi 1.53 cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata a wani asusu da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Ko an sallame shi ko ya tafi da kansa, kuɗin yana bin sa zuwa sabon wuri. Mai kamfani ba shi da wata rana da nauyi zai faɗo masa gaba ɗaya, don haka ba shi da dalilin korar mutum kafin ranar ta zo. Wasu ƙasashen sun zaɓi hani kai tsaye. Meziko ta haramta ba da ainihin aikin kamfani ga 'yan kwangila a 2021. Jamus ta yi haka a mayanka daga farkon 2021, bayan cutar korona ta kama ma'aikata fiye da dubu a mayankar Tönnies, akasarinsu baƙi daga gabashin Turai da ke hannun 'yan kwangila. Afirka ta Kudu kuma ta gyara dokarta a 2015: mai ƙaramin albashi da dillali ya tura wani kamfani, idan ya haura wata uku, ana ɗaukarsa ma'aikacin wannan kamfani. Kotun tsarin mulki ta tabbatar da haka a 2018 a ƙarar da ta haɗa ƙungiyar ma'aikata ta NUMSA da kamfanin Assign Services.

Yanzu mu dawo gida, don Najeriya tana ƙaryata masu cewa tsaurin doka ne kaɗai tushen matsalar. Dokar ƙwadagonmu, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ba ta da tsauri a kan kora. Sanarwar da ta wajabta kwana ɗaya ce ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan zuwa sama. Shekara da shekaru kotunanmu suna kan cewa mai aiki yana iya sallama da dalili mai kyau, ko marar kyau, ko babu dalili. Sai bayan gyaran tsarin mulki na 2010, wanda ya ƙarfafa Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, aka fara samun hukunce-hukuncen da ke neman a faɗi dalili. Amma 'yan kwantiragi sun cika bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa tun kafin wannan. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na ƙarshen 2019 sun nuna fiye da kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatan bankuna na kwantiragi ne.

Duk wanda ya tsaya layi a banki ya ga wannan da idonsa, ko bai sani ba. Yarinyar da ke ƙirga kuɗi a bayan gilashi tana sanye da kalar bankin, tana amfani da kwamfutar bankin, manajan reshe ne ke ce mata zo ko tafi, idan lissafi ya gaza da yamma daga aljihunta za a cike. Amma katin da ke wuyanta da takardar albashinta na wani kamfani ne da watakila ba ta taɓa taka ofishinsa ba sai ranar da aka ɗauke ta. Wanda ke kusa da ita, aikinsu ɗaya, yana da ƙarin girma, da rancen ma'aikata, da rabon ribar ƙarshen shekara. A ƙofar masana'antun Kano kuwa, a Sharaɗa da Bompai da Challawa, abin ya fi haka sauƙi: a taru da sassafe, a zaɓi waɗanda ake so, a biya a ƙarshen mako, babu takarda ko ɗaya, alhali doka ta ce a ba ma'aikaci rubutaccen sharaɗin aikinsa kafin wata uku su wuce.

Me ake gudu ke nan, tun da kora ba ta da tsada? Ana gudun tsarin albashin da aka sasanta da ƙungiya, da garatuti, da kuɗin asibiti, da ƙungiyar kanta. Shi ya sa ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, suka daɗe suna fama a kan wannan, har ma'aikatar ƙwadago ta fitar da ƙa'idojin aikin kwangila a harkar mai a 2011. Ga kuma dokokin da muka ɗaura a kan adadi, irin na Indiya. Dokar fansho ta 2014, wadda ta sa mai aiki ya zuba kashi 10 ma'aikaci ya zuba kashi 8, ta zama tilas ne a kan mai ma'aikata 15 zuwa sama. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta ware wurin da ba shi da mutum 25, da masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya da kamisho ko jinga. Wanda ya raba ma'aikatansa ɗari ga ƙananan 'yan kwangila biyar ko shida ya fita daga ƙarƙashin abubuwa da yawa ba tare da ya karya layi ɗaya na doka ba.

Saboda haka masu neman a ƙara tsaurara kora a Najeriya ba tare da an taɓa zancen kwangila ba, ina jin tsoron za su ƙara wa 'yan tsirarun da ke ciki kariya su ƙara yawan na waje. Abin da ya fi gaggawa shi ne doka ta faɗi ƙarara cewa aiki ɗaya a wuri ɗaya lada ɗaya, ko sunan wa ke kan takarda, kuma kamfanin da ke cin gumin mutum yana da alhakin albashinsa da fanshonsa tare da dillalin. Kotun Ƙwadago ta fara duba wanda ke ba da umarni a zahiri maimakon wanda ya sa hannu, wannan ci gaba ne. Sai dai hukunci yana zuwa ne ga wanda ya iya ɗaukar lauya ya jira, yarinyar da aka turo wa saƙon waya da daddare cewa kada ta fito gobe kuwa, kuɗin hayar ɗakinta ne a gabanta, kuma ta san dillalin da za ta kai ƙara shi ne wanda za ta koma wa neman wani aikin.